Wanda Ke Jifa Daga Ɗaya Gefen

Na daɗe ina kallon wasan kurket kafin in fahimci cewa mai jifa ba ya aiki shi kaɗai. Dokar wasan ce ta tilasta hakan, domin idan mutum ya kammala zangonsa na jifa shida, dole ya miƙa ƙwallon ga abokinsa wanda zai jefo daga ɗaya gefen filin, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya yi zango biyu a jere ba. Saboda haka duk tarkon da ka ɗana wa mai bugu, rabinsa yana hannun wani. Idan ka hana shi maki na tsawon jifa shida, abokinka kuma ya zo ya sakar masa ƙwallo mai sauƙin duka, wahalar da ka sha ta tashi a banza.

A ganina, kuskuren da aka fi yi wajen zaɓen masu jifa shi ne a ɗauko gwanaye biyu a ce an gama. Tambayar da ta kamata kyaftin ya yi ita ce: wane amfani wannan zai yi wa wancan?

Glenn McGrath da Shane Warne na Ostireliya su ne misalin da na fi komawa gare shi. McGrath ba shi ne mafi saurin jifa a zamaninsa ba, amma yakan ajiye ƙwallo a wuri guda, daf da ta waje cikin sanduna ukun da mai bugu ke karewa, har sai mai bugu ya ƙosa. Warne kuwa murza ƙwallo yake yi da wuyan hannu, ya sako ta sama a hankali kamar yana gayyatar a doke ta. Wanda ya sha ƙishirwar maki a hannun McGrath yakan ga kamar ya sami sauƙi a wurin Warne, sai ya kai bugun ganganci a fitar da shi, wato damarsa ta bugu ta ƙare. Haka kuma wanda Warne ya rikita yakan nemi hucewa a kan McGrath, sai ƙwallon ta goge gefen sandarsa ta faɗa hannun masu cafkewa a baya. A wasanni 104 na kwana biyar da suka yi tare, sun fitar da masu bugu sau 1,001, kuma rana ɗaya suka yi ritaya daga irin waɗannan wasanni a birnin Sidni a watan Janairun 2007. James Anderson da Stuart Broad na Ingila ne suka zo daga baya suka wuce su, da 1,039 a wasanni 138. Dukansu da hannun dama suke jifa, amma Anderson lanƙwasa ƙwallo yake yi a iska, yayin da Broad yake amfani da tsayinsa ya sa ta tashi daga ƙasa.

Akwai wani haɗin da ya fi burge ni, domin a cikinsa taimakon ba na tunani ba ne kawai, a ƙasa ake ganinsa. Bahagon mai saurin jifa irin Mitchell Starc na Ostireliya, idan ya saki ƙwallo, ƙafafunsa suna sauka ne a wurin da zai zama gefen waje na mai bugu da hannun dama idan aka juya ana jifa daga ɗaya gefen. Kafin kwana na huɗu ko na biyar, ƙusoshin takalminsa sun farfasa wurin. Abokin jifansa Nathan Lyon, wanda ke murza ƙwallo da yatsu ta shigo wa mai bugu daga waje, sai ya riƙa saukar da ita a cikin wannan farfasasshen wuri, inda take juyawa da tsalle yadda ba a zata ba. Wannan dabara ba ta aiki sai kyaftin ya kiyaye gefen da kowannensu zai riƙa jifa tun daga ranar farko, kuma a nan ne ake gane shugaban da ke hangen kwana uku gaba.

Bambancin hannu shi kansa makami ne. Wasim Akram bahago ne, Waqar Younis kuma da dama yake jifa, kuma dukansu sun ƙware wajen sa tsohuwar ƙwallo ta lanƙwasa ta bauɗaɗɗiyar hanya. Mai bugun da ke fuskantar Pakistan a shekarun 1990 sai ya sake saita idonsa da tsayuwarsa bayan kowane zango. Ba na cewa dole sai an sami bambanci irin wannan, tun da Curtly Ambrose da Courtney Walsh na tsibiran Karibiyan dogaye ne masu sauri da hannun dama, kuma nasu haɗin ya ginu ne a kan rashin ba da numfashi ta kowane gefe.

Abin da ke damuna shi ne yadda alƙaluma ke mantawa da wanda ya riƙe gefensa. Idan iska tana kaɗawa, dole ɗaya ya jefa yana fuskantarta domin abokinsa ya same ta a bayansa, kuma babu inda ake rubuta wannan. A filin Old Trafford a 1956, Jim Laker na Ingila ya fitar da 'yan Ostireliya sau 19 cikin 20 a zagayen bugunsu biyu, ya ba da maki 90 kacal, abin da har yau ba a maimaita ba. Laker ya cancanci duk yabon da ya samu, amma duk lokacin da na tuna abokin jifansa Tony Lock, sai karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ta faɗo mini. Mutum ɗaya tak Lock ya fitar a dukan wasan, alhali ya fi Laker yawan zango. A zagaye na biyu kaɗai ya yi zango 55, kuma a 30 daga cikinsu ko maki ɗaya ba a ci a kansa ba.