Danshin da ya riƙa cin layukan tarho a Kano

Kafin 2001, wanda ke da tarho a Kano lambarsa shida ce, da 064 a gabanta idan daga wani gari ake kira. A lokacin, tun 1985, kamfanin tarho na gwamnati NITEL ke riƙe da layukan, bayan an haɗe ɓangaren tarho na hukumar gidan waya da tarho (P&T) da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje. Duk ƙasar nan layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, shi ya sa a unguwa guda za ka tarar gida ɗaya ne mai tarho. A kira, a ce wa mai kiran ya sake bugowa nan da minti goma, a aiki yaro da gudu ya kirawo maƙwabci. 'Yan kasuwar Kwari da masu masana'antu a Bompai da Sharaɗa kuwa, layi biyu ko uku suke samu da ƙyar, sai su sa injin PABX ya raba wa ofisoshi. Aikina ke nan a wancan zamani: daga inda layi ya shigo harabar kamfani zuwa kan teburin kowa.

Jan waya da ɗaura soket ba abin tsayawa a kai ba ne. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne haɗin kebul na ƙarƙashin ƙasa.

Wata masana'anta a Bompai tana da kebul mai tagwayen waya hamsin, an binne shi daga ɗakin inji zuwa sito da ofishin awo. Duk rani lafiya lau. Ruwan farko na sauka sai ƙorafi ya fara: shuuu a kunne, muryar wani ofis tana kutsowa cikin maganarka, wani layin ya yi ƙara sau ɗaya ya ɗauke, wani kuma duk wanda ya kira sai ya ji alamar ana magana alhali kan tarhon yana ajiye. Da rana ta take sai abin ya lafa. Kafin a kira ni har an sauya kawunan tarho, an sayi sabon kati an sa wa injin, kuɗi masu yawa sun tafi a banza. Babu wanda ya kawo kebul a ransa, domin wanda ya binne shi ya rantse sabo ne dal. Kuma sabon ne. Haɗin da ke tsakiyarsa ne aka naɗe da salatif aka jefa a rami kusa da lambatu.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Layin tarho ko ba a amfani da shi akwai wuta volt 48 a kansa dare da rana. Sai an ɗaga kai take sauka ƙasa da volt 12, haka inji ke gane an ɗauka. Idan danshi ya shiga tsakanin wayoyin biyu, wuta ta sami ƙaramar hanya ke nan. Kaɗan ne, ka ji shuuu. Ya ƙaru, wutar ƙararrawa mai kusan volt 75 zuwa 90 ta bi ta ruwan, inji ya zaci an ɗauka, ya katse. Ya ƙara yawa, layin ya zauna kamar kullum ana magana. Mafi muni, ruwa da wutar da ba ta yankewa suna cin jan ƙarfe a hankali. Wayar nan kaurinta rabin milimita ne kawai. Da na buɗe haɗin, sai ga wani koren gari ya lulluɓe ta, ka taɓa da farce ta ɓalle.

Gano wurin ba wuya idan an bi tsari. A cire kebul ɗin daga inji, a cire kawunan tarho duka, domin mega, wato mitar da ake auna yoyon wuta a kebul da ita, tana tura wutar da za ta ƙona kati. Sannan a auna kowane tagwai: waya da 'yar'uwarta, kowace kuma da ƙasa. Busasshen kebul ɗaruruwan megohm (miliyoyin ohm, ma'aunin yadda abu ke tare wuta) yake nunawa ko fiye. Jiƙaƙƙe sai ka ga allura ta faɗi zuwa 'yan kilohm, wato dubban ohm kawai. Amma a auna da sassafe bayan ruwan dare. Wanda ya zo da azahar, ko ya bari sai hunturu, mita za ta ce masa komai daidai, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ciwon na nan kwance.

Inda abin ya ba ni mamaki shi ne nisan da ruwan ya yi. Na ɗauka gyara haɗin kawai za a yi. Ashe kebul ɗin ba mai man jeli a ciki ba ne, irin na cikin gini ne aka binne don ya fi araha, ruwa kuma ya bi cikinsa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Muna yanka muna aunawa, muna ƙara yanka, sai da aka zubar da mitoci masu yawa ta kowane gefe kafin a kai busasshe. Haɗi ɗaya ya koma biyu, da sabon guntu a tsakani. Bambancin kuɗin kebul mai jeli da marar jeli bai kai kuɗin haƙan da aka sake yi ba, balle katin da aka saya.

Tun daga nan ban ƙara yarda haɗi ya kwana a rami ba. In da hali, a ɗago shi sama cikin akwati a jikin bango, bakin kebul yana kallon ƙasa don ruwa ya ɗige. In dole ne a ƙasa, a sa 'yan maƙalai masu jeli a kowace waya, a rufe da rigar roba mai tsukewa da wuta, a bar rarar kebul kamar mita ɗaya a naɗe saboda gyaran gaba. Kebul ya shiga bututu, saboda gara da ɓeraye, ramin kuma ya nisanci lambatu, domin a Agusta lambatun Kano ba ya tsayawa inda aka gina masa.

GSM ta shigo a Agustan 2001, minti ɗaya naira 50, layi kuma ya fi ƙarfin talaka, har wasunmu suna cewa tarhon tebur na nan daram. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya karye, masu lema da benci suka cika bakin titi, sai mutane suka daina kai ƙorafin layi gaba ɗaya. Layin da ya mutu a damina ba mai sake tambayarsa.

Yanzu zaren gilashi ake binnewa don intanet, kuma ina ganin yaranmu suna haƙa ramin da bai kai gwiwa ba a gefen kwalbati. Ruwa ba ya haɗa wuta a gilashi, gaskiya ne, amma laka na cika akwatin haɗi, mai gyaran lambatu kuma da diga ɗaya zai datse shi. A kai zurfin kusan mita ɗaya, a shimfiɗa ledar gargaɗi a samansa, a zana inda kowane haɗi yake a takarda a ba mai wurin. Mai ba da aikin kuma ya riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, sai an sake aunawa a ƙarshen Agusta.