Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Yaya

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo yayanmu daga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Yana gida Anguwar Rogo, har ya fara fita sallar jam'i.

Masu tambayar abin da ya same shi: amai da gudawa ne suka ƙarar masa da ruwan jiki, ga shi dama kusan kullum sai ya sha diclofenac saboda ciwon baya. Sai fitsari ya ɗauke, ƙafafu suka kumbura. Da aka auna jininsa, aka ga kiriyatinin, wani dattin jini da ƙoda ke fitarwa, ya hau sosai, wato ƙodar ta daina tace datti.

Godiyarmu ta farko ga likitan da ya jawo kujera ya zauna gaban Hajiya, ya yi mata bayani da Hausa. Ya ce kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Wani ciwon yana cin su a hankali shekara da shekaru, galibi sanadin hawan jini ko suga, kuma wanda ya lalace ba ya dawowa. Wani kuwa farat ɗaya yake zuwa, idan jini ya kasa isa ƙodar ko magani ya ji mata rauni, kuma yakan warke in an tare shi da wuri. Irin wannan ne na Yaya. A daren ne Hajiya ta samu ta runtsa.

Ma'aikatan ɗakin wankin ƙoda, Allah Ya saka muku da alheri. Muna kallo jini na fita ta tiyo ya ratsa inji ya koma jikinsa, hankalinmu a tashe, kuna ta ba mu baki. Ranar da fitsari ya fara taruwa, wata nas ce ta ɗaga jakar ta nuna mana, ta riga mu yin hamdala.

Abokan sana'arsa na kasuwar Taminus da suka haɗa kuɗin wankin, jama'ar masallacinmu, da maƙwabciyarmu Kirista da ta riƙe yaransa tana kai su makaranta, mun gode, mun gode.

Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi. Don Allah kar a kawo kilishi ko wani jiƙo, likita ya ce a rage gishiri, kuma ba ya shan maganin da ba su rubuta ba. Zai koma gwajin jini mako mai zuwa, a ci gaba da sa shi a addu'a.