Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Asusun Jirgi da Asusun Mutum

A makon jiya mun tsaya daidai inda horo ya ƙare, takardu suka cika. Mai karatu zai ɗauka daga nan sai ɗaure kaya a nufi fagen hidima. To, da saura. Tsakanin gama horo da ranar da mutum zai sa ƙafa a rumfar jiragen mishan akwai dogon zango da ba a cika maganarsa a majami'a ba, shi ne zangon neman masu tallafi. Wannan makon zan ajiye labarin kaina gefe in bayyana yadda kuɗin aikin yake tafiya, domin wanda bai gane shi ba, ba zai gane dalilin da ya sa mutanen kirki suke barin hidimar nan suna hawaye ba.

Asusu biyu ne ke riƙe da jirgin mishan a sama. Ɗaya na jirgin ne kansa: mai, kayan gyara, inshora, kuɗin sauka a filayen gwamnati. Ɗayan na mutane ne: matuƙi, makaniki, akanta, mai kula da ma'ajin kayan gyara, malamin da ke koyar da 'ya'yansu. Na farko ƙungiya ce ke nemo shi. Na biyu kuwa, a yawancin ƙungiyoyin, kowane ma'aikaci shi ke nemo nasa, gaba ɗaya ko kaso mai tsoka daga ciki.

Tsarin ya girmi jiragen. Lokacin da Hudson Taylor ya kafa mishan ɗinsa na ƙasar Sin a 1865, bai yi wa kowa alkawarin albashi ba, abin da Ubangiji ya kawo ta hannun masu bi shi ake rabawa. Da matuƙan da suka fito daga Yaƙin Duniya na Biyu suka kafa ƙungiyar jiragen mishan ta MAF a 1945, Betty Greene ta yi tashin farko a Meziko a 1946, aka kuma kafa wata ƙungiyar jiragen, JAARS, a Peru a 1948 domin masu fassara Littafi Mai Tsarki, kusan wannan tsarin suka gada. Bambancin kawai, Taylor ba ya roƙon kowa, na yanzu kuma ana koya musu su buɗe baki su faɗi bukatarsu ƙarara.

Ga yadda ake yi. Ofishin ƙungiya zai miƙa wa mutum lambobi biyu. Ta farko ita ce abin da iyalinsa ke bukata kowane wata: abin masarufi, hayar gida, inshorar lafiya, fansho, makarantar yara, ajiyar kuɗin tikitin komawa gida, da wani kaso na gudanar da ofis. Ta biyu ta sau ɗaya ce: tikitin tafiya, biza, makarantar koyon harshe, jigilar akwatin kayan aiki, wani lokaci da mota. Ba a ba shi izinin tafiya sai alkawuran wata-wata sun cika ko sun kusa cika. Mu ɗauka, a misali kawai, kasafinsa dala 6,000 ne a wata, masu bayarwa kuma kowa dala 50. Gida 120 ke nan, kuma kowane ɗaya sai an rubuta masa wasiƙa, an buga masa waya, an je an zauna da shi, an faɗa masa adadin, an dawo an ji amsarsa.

Sababbi sukan zuba dukan begensu a kan jawabin ranar Lahadi. Za a ba su minti goma a gaban jama'a, a nuna hotuna, a ɗauki baiko na musamman, a bakin ƙofa kowa ya ce za mu sa ku a addu'a. Addu'ar ana bukatarta ƙwarai, amma baikon rana ɗaya ba ya biyan hayar watan bakwai. Alkawarin da ke ɗorewa a zaman ido da ido ake samunsa. Rabin farko yakan zo da sauri, daga dangi da abokai da ikilisiyar da ta raine shi. Daga nan sai abin ya cije, domin ya gama da mutanen da ya sani, sai ya koma bin waɗanda aka haɗa shi da su. Shekara guda ko biyu takan tafi a nan.

Ga matuƙi wannan jiran yana da tsada ta musamman. A dokar Amurka, ba ya ɗaukar fasinja sai ya yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 da suka gabata. Izinin tuƙi cikin gajimare yana bukatar sauka shida ta bin na'ura cikin wata shida. Takardar lafiyarsa ma tana da wa'adi. Saboda haka yana yawon majami'u yana kuma hayar jirgi daga aljihunsa don kada hannunsa ya yi sanyi. Wannan kuwa mutum ne da ya riga ya kashe dukiya: lasisin tuƙin kasuwanci yana bukatar awa 250, ƙungiyoyin mishan suna neman wajen awa 400 zuwa 500, wasu da lasisin makaniki a kai, da karatun Littafi Mai Tsarki. Da yawa da bashin makaranta suke fitowa. Sai su ce bari su yi shekara biyu a kamfanin jirage su biya. Kamfani yana biya da kyau, aure ya zo, yara su zo, shi ke nan mishan ta yi rashi.

Wanda ya cika kasafinsa ya tafi ma bai huta ba, domin tallafi tulu ne mai yoyo. Tsohuwar da ke bayarwa ta rasu. Wani ya rasa aiki. An canja fasto, sabon kwamiti yana da nasa 'yan mishan. Katin bankin wani ya ƙare, bai sabunta ba, shi kansa bai san ya daina bayarwa ba. A can fagen kuma kaya sun yi tsada, ko canjin kuɗi ya juya masa baya, adadin da ya ishe shi bara bana bai kai ba. Idan asusunsa ya yi ƙasa, za a fara rage masa abin hannu. Idan giɓin ya daɗe, sai a kira shi gida ya nemo cikon. Ko ba giɓi, bayan 'yan shekaru akwai komawa gida da ake kira hutu, wanda a gaskiya tuƙin mota ne daga gari zuwa gari da yara a baya, ana kwana a gidajen mutane, ana maimaita jawabi ɗaya.

A nan akwai rashin adalci da ke damuna. Matuƙi yana da hoto: ga shi a bakin jirgi, ga dutse a bayansa, ga majinyaci a kan makara. Makaniki me zai nuna? Fulogin da ya goge? Akanta kuma fa? Ikilisiya takan tambayi irin waɗannan rayuka nawa suka kawo ga Ubangiji, sai su rasa amsar da za ta shiga rahoton kwamiti. Su ne suka fi daɗewa kafin su cika kasafi, su ne kuma tallafinsu ya fi saurin zubewa.

Mu koma asusun jirgi. Shi da awa ake lissafa shi. Ƙaramin jirgi irin Cessna 206 yana shan wajen lita 55 zuwa 60 a awa, kuma nasa man na musamman ne, fetur mai launin shuɗi da ake kira 100LL, wanda a ƙasashe da yawa sai an shigo da shi cikin durom mai lita 200. Wahalar samunsa ce ta tura ƙungiyoyi zuwa manyan jirage irin Cessna Caravan da Kodiak 100, masu shan Jet A-1, dangin kananzir, wanda ake samu a kowane babban filin jirgi. Kodiak ma da shawarar 'yan mishan aka tsara shi a Sandpoint ta jihar Idaho, ya sami takardar amincewa a 2007. Sai dai sabon ɗaya daga cikinsu ya haura dala miliyan biyu, kuma Caravan yana shan kusan lita 200 a awa.

Mai ba shi ne babban tarkon ba, domin shi ana ganinsa. Tarkon shi ne kuɗin da kowace awa ke ci a ɓoye. Injin PT6 da ke kan Caravan da Kodiak ana buɗe ɓangarensa mai zafi a duba a wajen awa 1,800, a yi masa cikakken garambawul a wajen awa 3,600, aikin da ke cin dubban ɗaruruwan dala. Injin fistin na ƙananan jirage wajen awa 1,700 zuwa 2,000 yake kaiwa. Farfela tana da nata wa'adin, da awa da kuma shekaru, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Idan garambawul zai ci dala 360,000 a misali, to kowace awa sai an ware dala 100 an rufe ido a kanta. Shirin da ya taɓa wannan ajiya a shekarar ƙunci don ya sayi mai, zai wayi gari da jirgi lafiyayye a rumfa, awowin injinsa sun cika, babu abin kai shi garambawul.

Filayen daji kuma suna cin jirgi. Tsakuwa tana sassare bakin farfela, kuma ƙaramar tsaga in ba a goge ta yadda littafin kamfani ya ce ba, daga nan karaya take farawa. Laka tana cin birki, rami yana gajiyar da ƙafar gaba. Durom da aka bari a tsaye cikin ruwan sama yana zuƙar ruwan da ya taru a kansa ta bakin murfi idan ya huce da dare, shi ya sa ake kwantar da shi, murafansa biyu a gefe da gefe, kuma kafin tashin farko da bayan kowane zubin mai ake tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki a kofi mai haske a duba, domin ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. Kayan gyara ba a sayensu a kasuwa. Kowane ƙarfe sai da takardar shaidar asalinsa, in babu ita ba ya hawa jirgi ko da sabo ne fil. Abin da bai fi tafin hannu ba yana iya yin makonni a hannun kwastan, inshora kuwa tana tafiya ko jirgi na sama ko na ƙasa.

Kuɗin fasinja ba ya rufe wannan. Akan yi farashi hawa-hawa: ma'aikatan ikilisiya da mutanen ƙauye mafi sauƙi, ƙungiyoyin agaji sama da haka, 'yan kasuwa cikakken kuɗi. Kujerun ma ba kullum ake cika su ba. Ana ɗora kowane mutum da kowane buhu a sikeli. Lita 100 ta shuɗin mai kilo 72 ce, nauyin babban mutum guda, saboda haka tafiya mai nisa inda ba a samun mai a can tana nufin sauke fasinja. A filin da ke tudun mita 1,800, in zafi ya kai digiri 25, jirgi yana jin kansa kamar a mita 2,600, iska ta yi sirara, sai a ƙara rage kaya. Yawancin filayen duwatsu, irin na Papua Sabuwar Gini, hanya ɗaya gare su, a sauka ana hawa, a tashi ana gangara, kuma da rana ta yi gajimare yakan rufe mashigin. Sai ga kiran mace mai naƙuda da ta gagara. Ba wanda zai tsaya ciniki. Jirgi zai je wayam ya dawo da mutum biyu, giɓin ya koma kan masu bayarwa.

Masu bayarwa kuma suna son abin da za a rubuta wa suna. Neman kuɗin sabon jirgi ya fi neman kuɗin baƙin mai da taya sauƙi nesa ba kusa ba. Kyautar da aka ɗaure da sharaɗi ba a karkatar da ita, doka da amana sun hana, don haka ƙungiya tana iya samun kuɗin jirgi na uku alhali na biyun da take da su suna jiran birki.

Inda asusun biyu suke haɗuwa shi ne littafin jirgi. Bayan kowace awa 100 ana buɗe jirgi a bincika, kuma ba ya sake tashi sai makaniki mai lasisin da hukumar ƙasar ta amince da shi ya sa hannu. Jirgi mai aiki sosai yana iya cinye awa 100 cikin mako shida. A ƙaramin shiri mai irin wannan makaniki guda ɗaya, ranar da aka kira shi gida neman cikon tallafi, agogo ya fara bugawa. Ga mai a durom, ga matuƙi, ga jirgi, amma awowi na cika sai a rufe shi da tamfol, sai in an aro wani daga wata ƙasa, shi ma sai an jira biza da amincewar lasisinsa. A ganina albashin mai sa hannun nan ya kamata ya shiga lissafin awar jirgi, kamar ajiyar inji. Haka ma 'yan ƙasa da ake horarwa a matsayin matuƙa da makanikai: ikilisiyoyinsu na iya ba da addu'a da abinci, amma ba za su iya tara kasafin da aka auna da dala ba, kuma kamfanonin jirage na ƙasarsu suna jiransu da albashi. In ba a biya su daga babban asusu ba, mishan ce za ta horar, wasu su mora.

Duk wannan nauyi a gida yake sauka. Tun zamanin Nate Saint, matuƙin MAF a Ekwado, matarsa Marj ce ke zaune gaban rediyo a Shell Mera tana bin inda jirginsa yake. Yau na'urar tauraron ɗan adam ke nuna jirgi a allon kwamfuta, amma har yanzu abokin zaman ma'aikaci ne yawanci ke rubuta wasiƙar addu'a, yana aika godiya ga kowane mai bayarwa, yana duba rahoton wata ya ga sunan wa ya ɓace, sannan ya nemi kalmomin da zai tambayi mutumin lafiya ba tare da ya zama kamar mai bin bashi ba.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga ƙauye mu ga yadda ake sare filin sauka da fartanya da shebur, da abin da ake aunawa kafin a yarda jirgi na farko ya taɓa ƙasa.