Birki yana magana kafin ya shanye

Ƙannena masu koyon babbar mota, da ku da kuka karɓi sitiyari bana ko bara, akwai wata magana da muke yawan faɗa a tasha idan tirela ta yi ɓarna: "Birki ne ya shanye masa." Mu faɗa, mu yi salati, mu watse, kamar birkin ya tashi da safe ne ya yanke shawarar cin amanar mutum. Ni ma na faɗi haka a kan kaina, na daɗe ina faɗa. Gaskiyar da na ɓoye ita ce nawa birkin ya yi sati uku yana yi mini magana, na toshe kunne.

Da farko wani siririn tsaki nake ji ta ƙafar baya idan na kashe inji. Sai na lura idan mota ta kwana, da asuba allurar gejin iskar birki tana kwance ƙasa, sai na daɗe ina ba ta wuta kafin tankin iska ya cika. Bakanike ya duba ya ce robar cikin busta ɗaya, wato tukunyar da iska ke shiga ta danna birkin ƙafa, ta fashe, a saya sabuwa. Na ga kuɗin, na ga lodi yana jira, na ce ya lanƙwasa tiyon da ke kai mata iska ya ɗaure da waya, in na dawo a gyara. Ƙarar ta ɗauke, na ɗauka matsala ta ƙare. Abin da na yi a zahiri shi ne na sallami ƙafa ɗaya daga aiki, na ɗora nauyinta a kan sauran, su kuma lainin ɗinsu, wato abin da ke gogar ƙarfen taya ya tsayar da mota, ya riga ya cinye, rabon da a taɓa ajastar da ke daidaita birki har na manta. Ƙararrawar da ke kuka idan iska ta yi ƙasa kuwa tuni na sa aka cire mata waya, wai tana damuna. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, ni da hannuna na cire kunnen.

Ya kamata ku san yadda abin yake aiki, don da yawa muna tuƙi shekara da shekaru ba mu sani ba. Inji ne yake juya kwampiresa, ita take cika tankunan iska. Duk takun da ka yi wa birki, wata iska ta fita ke nan, ba ta dawowa. A motocin Amurka irin su Mack, geji yana zama tsakanin 100 da 125 a ma'aunin ƙarfin iska na psi, ƙararrawa ta fara kuka idan ya sauka wajen 60. Na Turai irin su DAF da MAN da ma'aunin bar suke lissafi, amma jan layin da ke kan geji ma'anarsa ɗaya. Iskar da aka matse kuma tana tara ruwa. Ja zoben da ke ƙarƙashin tanki ka gani, musamman da damina: ruwa ne baƙi haɗe da mai zai feso. Ruwan nan yana cin wurin iska, yana sa bawul tsatsa. Idan man ya yi yawa, kwampiresar ce ta fara gajiya.

Ranar da abin ya faru na taso daga Jos da lodin masara, zan gangara Akwanga. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san ba wurin wasa ba ne. Ni kuwa na saba da wata muguwar ɗabi'a, sakin mota firi a gangare don in rage shan gas, in sami na cefane. Mota a firi, inji yana salo, kwampiresa tana aiki a hankali, inji ba ya riƙe komai, nauyin duka yana kan birki. Na riƙa taka shi ina saki, ina taka shi ina saki, allura tana sauka. Can na ji ƙaurin laini ya cika kan mota. Yaron motata ya ce, "Maigida, hayaƙi a baya!" Na danne birki har ƙasa, motar ta ci gaba da tafiya kamar ban taɓa ta ba. Idan dram, wato ƙarfen taya da laini ke kamawa, ya yi zafi buɗewa yake yi, ya yi nesa da laini, sandar busta ta miƙe iya tsawonta ba ta kai ba. Na nemi giya, ta ƙi shiga, sai gurnani. Na ja birkin hannu. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa: sifirin ɗin da ke kama mota idan iska ta ƙare, da wannan lainin da wannan dram ɗin yake aiki. Abin da ya gagari ƙafa zai gagare shi. Allah ya ba ni ikon karkatar da ita cikin kwalbatin gefen dutse. Muka fito da ƙafafunmu.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce na ci sa'a. Kashegari ne na yi kuskuren da har yau yake hana ni barci.

Motar janwe ta zo da hantsi, ta fiddo mu kan kafaɗar titi da winci. Birki ya huce, babu iska ko ɗigo, sifirin ya damƙe ƙafafu, mota ta ƙi motsi. Kafin a ja irin wannan, ko dai a ba ta iska daga janwe, ko a ɗaure ƙusar da ke bayan kowace busta don a janye sifirin. Da zarar an janye shi, motar ba ta da wani birki kuma a duniya. An riga an kwance farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, don kada giyabos ya lalace a wajen ja, saboda haka giya ma ba za ta riƙe ba. Mai kaya yana ta kira, ni kuma ina jin kunya ina son a bar wurin. Na karɓi sifana na shiga ɗaure ƙusoshin da kaina. Ban sa wa tayoyi weji ya tokare su ba. Ban jira an gama ɗaura ƙarfen ja ba. Yarona yana tsakanin motocin biyu yana daidaita ƙarfen. Da na saki ta ƙarshe ban ji wata ƙara ba, inuwar taya kawai na ga tana tafiya a kaina. Motar ba ta yi taku uku ba, amma ta haɗa cinyarsa da bayan janwe.

Don Allah ku riƙe wannan jerin kamar karatun allo: weji tukuna, gaba da bayan taya, sannan ƙarfen ja, sannan a saki birki, kuma babu mahaluƙin da zai tsaya tsakanin mota biyu. Da sarƙa ko igiya ba a jan motar da ba ta da birki, don a gangare za ta hau wanda ke janta. Matacciyar mota sitiyarinta ma nauyi yake kamar dutse, tunda inji ne yake taimaka masa. Kada kuma ka bari wani ya kwance ɗaurin tukunyar sifirin a gefen hanya, ƙarfin da ke ciki yana iya kashe mutum.

Sai 'yan kallo. Wayar winci idan ta tsinke tana dawowa kamar bulala, duk wanda ta samu sai yadda Allah ya yi. Kore su nesa, ko da za su zage ka. Ganyen da muke zubawa a titi kuma ba ya ganuwa da dare. Kai alamar mai sheƙi can nesa, kafin kwana. Idan tankar mai ce ta faɗi, wannan wani babi ne daban. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, a watan Janairun 2025, rahotanni sun nuna janareta aka tayar don a juye man cikin wata tanka, wuta ta tashi, mutum fiye da 80 suka rasu. Wata uku kafin nan an yi na Majiya a Jigawa, inda aka rasa fiye da 150. Ni dai ko da nawa za a biya ni, ba na matsawa kusa sai 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra sun killace wurin.

Yanzu kowace asuba ina jan zoben tanki. Ina cika iska, in kashe inji, in danne birki minti ɗaya cur ina kallon allura ina sauraro. In ta sauka, ba inda za mu. Kafin gangare nake zaɓar giya, ƙarama, wadda zan hau wurin da ita ko ƙasa da ita, in bar birkin inji ya yi aikinsa.

Yaron ya yi wata biyar a kwance. Ya tashi, amma ƙafar ba ta iya taka kuloci, shi da burinsa ke nan tun yana ƙarami. Yanzu yana sayar da baƙin mai a bakin tasha. Duk sanda na tsaya wurinsa sai ya miƙe da sandarsa ya ce, "Sannu da hanya, Maigida," ya kuma tura yaro ya sa wa motata weji.