Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shari'ar Kainji

Makon jiya na tsaya a inda sunana ya fito cikin lauyoyin da za su kare waɗanda ake tuhuma da alaƙa da Boko Haram. A watan Oktoban 2017 aka buɗe zaman a barikin soja na Wawa, kusa da Kainji a jihar Neja, inda ake tsare da mutum fiye da 1,600. Alƙalan Babbar Kotun Tarayya ne suka tattaro suka zo har can, kuma zaman farko ba a bar 'yan jarida sun shiga ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sai da ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, wai ina zaman zamana zan je kare masu yankan mutane.

Dokar da aka yi aiki da ita ita ce ta hana ta'addanci ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2013. A Yunin 2013 ne Shugaba Jonathan ya haramta Boko Haram da Ansaru, ƙungiyar da ta ɓalle daga cikinta, kuma tun daga nan duk wanda ya taimaka musu da saninsa zai iya shan ɗaurin da bai gaza shekara 20 ba. Kai, ko ka san wani abu game da su ka ƙi kai rahoto, laifi ne.

A takarda abin babu wuya. Amma fa ka tuna a 2014 'yan Boko Haram sun riƙe Gwoza da Bama da ƙauyukan da ke kewaye. Wanda bai samu gudu ba, wa zai kai wa rahoto? Ba ɗan sanda, ba hakimi, layin waya ma a katse.

Wani dattijo manomi da na kare, tuhumarsa ita ce ya ba su hatsi. Na ce, "Baba, da gaske ka ba su?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mutum ya tsaya maka a kai da bindiga ya ce zakka, kai me za ka ce masa?"

Ban da bakin magana. Ba wai kowa a can mai gaskiya ba ne, na ga waɗanda suka amsa laifinsu ido a bushe, har da masu alfahari da abin da suka aikata. Irin waɗannan dokar ta yi musu daidai, ban taɓa jin tausayinsu ba. Damuwata ita ce ramin da aka haƙa dominsu yana da faɗin da zai haɗiye irin su Baba.

A wancan zagaye an ɗaure mutum 45, aka sallami 468. Baba na cikin waɗanda aka sallama, sai dai kotu ta ce kafin su koma gida sai sun bi ta shirin gyaran tunani. Da na faɗa masa, tambayarsa ɗaya: ko na san inda matarsa da 'ya'yansa suke. Neman su ne ya kai ni sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, kuma daga can za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.