Subaru 360, motar da maƙeran jirgin sama suka yi wa talakan Japan

Duk lokacin da aka yi zancen ƙananan motocin Japan masu arha, tunanina kan koma kan Subaru 360, wadda kamfanin Fuji Heavy Industries ya fitar a watan Maris na 1958. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne mutanen da suka ƙera ta. Fuji ya samo asali ne daga kamfanin Nakajima mai ƙera jiragen yaƙi, kuma da aka hana Japan wannan sana'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai injiniyoyinsa, ciki har da Shinroku Momose, suka koma kan abin hawa na ƙasa.

A wancan lokaci, dokar ƙananan motoci da ake kira kei ta ƙayyade cewa inji kada ya wuce cc 360, alhali ana son motar ta ɗauki manya huɗu. Wanda ya saba da jirgin sama kuwa ya san babu abokin gaba kamar nauyi. Saboda haka suka yi jikin motar da ƙarfe marar kauri, suka lanƙwasa shi ya yi kumburi kamar ƙwai don ya yi ƙwari, suka yi rufin da roba mai zaren gilashi, har nauyinta duka ya tsaya a kilo 385. Injin mai silinda biyu yana baya, iska ce ke sanyaya shi, kuma a samfurin farko sai direba ya gauraya baƙin mai da fetur da hannunsa, kamar mai tsohon babur. An sa mata farashin yen 425,000, kuɗi mai yawa ga ma'aikacin wancan zamani, amma ba wanda ya fi ƙarfin mai tara kuɗi ba. Japanawa suka laƙaba mata sunan wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigo, saboda siffarta.

A Amurka dai ba ta yi farin jini ba. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Malcolm Bricklin, ya fara shigar da ita a 1968, mujallar Consumer Reports kuma ta yi tir da ita kan rashin gudu da rashin kariya. A ganina an auna ta da mudun da ba nata ba, domin don ƙananan titunan Japan aka yi ta, inda aka ƙera sama da 390,000 cikin kimanin shekara 12.