Hank a gaban madubi

Da aka kawo wuta yau da rana sai na kunna The Broadway Melody na 1929, fim mai magana na farko da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim. Sautin na shashshaƙa, kyamarar ma kamar an dasa ta, don a zamanin cikin akwati ake kulle ta kada ƙararta ta shiga makirufo.

Wuri ɗaya ne ya tsaya min a rai. Hank, jarumar fim ɗin mai rawa da waƙa a dandali, ta gane saurayinta Eddie ƙanwarta Queenie yake so. Ta dake ta ce masa dama can ba sonsa take ba, neman suna a dandali ne ya haɗa su, ya tashi ya bi yarinyar. Yana fita ta zauna gaban madubi tana goge kwalliya, dariya na ƙwace mata tana komawa kuka, man fuska ya caɓe da hawaye. Ita ce fa mai zafin neman, ita ta jawo ƙanwar zuwa New York! Wallahi sai da na dakatar da fim ɗin na sha ruwa. Bessie Love, wadda ta fito a matsayin Hank, ta iya wasa. Ni dai har yanzu ban ga abin da su biyun suka gani a jikin Eddie ba.